Malam Badaru, Mai Auna Zafin Gyaɗa

Duk wanda ya saba bin hanyar bayan asibitin Birnin Kudu da sassafe ya san shi, ko da bai san sunansa ba. Da an fito sallar asuba gari ya ɗan yi haske, za ka hango wani dattijo siriri a kan tsohon keke, ya cusa ƙafar wandonsa cikin safa don kada sarƙa ta kama. Ba ya shiga ta babbar ƙofa. Zagayawa yake yi ta baya, inda aka jera wasu 'yan ƙananan rumbuna shida da gadajen kara masu rufin ciyawa. Sai ya jingine keken a gindin darbejiya, ya bi su ɗaya bayan ɗaya, yana zaro wani siririn gilashi daga cikin kowanne, ya ɗaga shi sama, ya ƙanƙance ido, ya rubuta abin da ya gani. Ma'aunin zafi ne. Da hantsi zai dawo, da azahar ma haka, da la'asar ma haka. A tsakanin nan yana ɗakin gwaje-gwaje, ko kuma yana wajen tukunyar tururi da ake dafa almakasai da allurai kafin a taɓa mara lafiya da su.

Sunansa Malam Badaru Iliyasu, mutumin Farin Dutse ta ƙasar Gwaram. Shekara ashirin da shida ya yi a asibitin nan, tun daga 1958, kuma a ƙarshen watan jiya ya yi ritaya. An yi ɗan taro a harabar asibiti, an sha lemo, an ba shi agogon bango. Wanda ya yi jawabi ya yaba masa da cewa bai taɓa makara ba. Gaskiya ne, bai taɓa ba. Amma ina zaune a wurin na ji kamar an ce da mutum ya bayyana Dutsen Habude, mai tsoffin zane-zanen nan na mutanen da, ya ce ai dutse ne mai tauri, ya zauna. Shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Ni malamin lissafi ne a makarantar sakandare, kuma katanga ɗaya ce ta raba gidana da nasa. Shekara bakwai muna gaisawa, muna zama a dakali ɗaya bayan la'asar, ban san wanda nake zama da shi ba. Na ɗauka ma'aikacin asibiti ne mai wata 'yar ɗabi'a ta son rumbuna. A Zariya na san shi, ba a Birnin Kudu ba.

A 1980 aka tura ni jami'a ƙaro karatu na shekara guda. Wata rana wani farfesa na sashen injiniya, Ba'indiye, yana koya mana yadda zafi ke ratsa abu ya wuce, sai ya cika allo da wasu alƙaluma, ya ce waɗannan su ne ake dogara da su idan ana lissafin yadda zafi ke tafiya cikin tarin hatsi ko gyaɗa, kuma har a ƙasarsu da su ake aiki. A ƙasan allon ya rubuta inda ya samo su: B. Iliyasu, Birnin Kudu. Na yi ta kallon allon har aka tashi.

A masaukinmu akwai wani likita ɗan Gwaram, Dokta Ƙasimu, shi ma ya zo ƙaro karatu. Na ba shi labari ina dariya, na ce ashe muna da injiniya a gari ba mu sani ba.

Ya ce, "B. Iliyasu na Birnin Kudu? Ai ba injiniya ba ne, Malam Abu. Namu ne. Kan ciwon dajin hanta ya yi rubutu, mu ma an karantar da mu."

Na ce, "To wani ne daban."

Ya ce, "Mutum biyu, suna ɗaya, gari ɗaya? Tashi mu je laburare."

Muka je. Muka fito da mujallun likitoci, muka fito da na injiniyoyi, muka shimfiɗa su a tebur guda. Takarda huɗu a wannan ɓangare, biyar a wancan. Adireshi ɗaya ne a jikinsu duka: ɗakin gwaje-gwaje, asibitin Birnin Kudu. Mai kula da laburaren ya nuna mana wani ƙaton littafi da ake jera sunayen waɗanda wasu masana suka kafa hujja da aikinsu. Sunan maƙwabcina yana nan, a ƙarƙashinsa masu bincike daga Indiya, da Senegal, da Ingila, da wasu ƙasashen da sai na duba taswira.

Da na dawo hutu ban ko ajiye jaka da kyau ba na same shi a dakali yana gyaran fitilar kekensa.

Na ce, "Malam Badaru, ashe haka kake?"

Ya ce, "Yaya nake?"

Na faɗa masa abin da na gani. Ya ce, "Au, waɗannan? Ai suna aiko min da kwafi. Suna cikin adakar matata Hapsatu, ƙarƙashin zannuwa, saboda gara."

Na ce, "Shekara bakwai ba ka taɓa faɗa min ba!"

Ya ce, "Ai ba ka tambaya ba. Kullum in mun zauna kan taki da siyasa muke."

Daga ranar na fara tambaya. Abin da zan faɗa a nan, wani daga bakinsa na ji, mafi yawa kuwa daga bakin waɗanda suka gani da idonsu, domin shi in ka bar shi, a jimla uku zai gama tarihin rayuwarsa.

Ba likita ba ne, ba kuma shi da digiri ko ɗaya. Aikin tukwanen tururi da injuna ya koyo a makarantar sana'a a Kaduna, aka ɗauke shi don ya kula da tukunyar asibiti da injin wuta. Wansa Hambali ne ya tsaya masa ya yi karatun, shi ya zauna a gona a Farin Dutse ya ce ƙanen ya tafi. A kakar 1961, ƙasa ba ta daɗe da samun mulkin kai ba, aka kawo Hambali asibiti a kan jaki. Cikinsa ya kumbura, idonsa ya yi rawaya, hannayen da ke ɗaga buhu sun zama kamar kara. Shekarunsa talatin da takwas.

Likitan da ke nan a lokacin mutumin Sudan ne, Likita Abdulsalami. Ya duba shi, ya ja Badaru gefe ya ce, "Daji ne a hanta. Ba zan yi maka ƙarya ba, ba ni da abin da zan yi masa sai rage raɗaɗi. Shi ne na tara da na gani bana. Duk manoma, kusan duk ba su kai arba'in ba."

Badaru ya ce, "Me ke kawo shi?"

Likita ya ce, "Ban sani ba."

Hambali ya yi mako biyar ya cika. Badaru ya yi masa wanka da hannunsa, ya kai shi gida, ya ɗauko 'ya'yansa uku ya haɗa da nasa. Ya ce min abin da ya tsaya masa a rai ba mutuwar ba ce, don ta Allah ce. Kalmar nan ce ta likita, "ban sani ba." Ya ce, "Inji in ya lalace, ba na barinsa sai na san abin da ya lalata shi. Sai ga ɗan'uwana ya tafi, an ce ba a sani ba."

Bayan shekara biyu Likita Abdulsalami ya kira shi ofis, ya nuna masa wata mujalla. A Ingila dubban talo-talo sun mutu, aka bi sawu aka gano abincinsu ne, an haɗa shi da gyaɗar da ta yi fumfuna, kuma fumfunar tana fitar da wani dafi da ke cin hanta.  Kowa a ƙasar nan ya san yadda ake yi da gyaɗa a lokacin. Mai kyau, cikakkiya, ita ake kai wa sikeli a sayar. Wadda aka tsince, ƙanƙararriya, mai baƙi-baƙi, mai ɗaci, ita ke zama a gida. Ita ake dakawa a miya, ita ake yi wa yara kunu.

Badaru ya ce, "Likita, ni ban san hanta ba. Amma na san zafi da laima. Fumfuna ba ta fitowa haka kawai, sai gyaɗa ta kwana da danshi a jikinta ta yi gumi. Kai ka riƙe marasa lafiya, ni ka bar ni da gyaɗar."

Haka suka raba aikin. Shekara biyar, duk ranar da ba ya aiki, Badaru yana kan keke. Sundimina, Yalwan Damai, Farin Dutse, har ƙauyukan bayan Gwaram da sai an ɗauki keken a ka a tsallake rafi. Ya shiga gona ya soka ma'auninsa cikin tarin gyaɗar da aka cire aka jibge a ƙasa. Ya roƙi maigida ya ba shi cikin tafin hannu daga ta miya, ya ƙulle a takarda, ya rubuta sunan gidan. Fiye da gida ɗari huɗu ya shiga. Wasu sun ɗauka mai ƙidayar haraji ne, suka ɓoye masa rumbu. Wani dagaci ya tambaye shi ko gyaɗar ce ba ta da lafiya da yake auna ta da abin auna zazzaɓi. Ya ce, "Ranka ya daɗe, kusan haka ne."

Abin da suka gano bai da wuyar faɗa. Gyaɗar da aka jibge a ƙasa, ruwan ƙarshen damina ya taɓa ta, cikin tarin yakan ɗau zafi kamar jikin mai masassara, kuma a nan fumfuna ke kamawa. Gidajen da ke cin irin wannan, su ne dafin ya fi yawa a abincinsu, kuma daga irin unguwanninsu ne aka fi kawo masu kumburin ciki. Da suka zo rubutawa, Likita Abdulsalami ya sa sunan Badaru a gaba, nasa a baya. Masu mujallar suka aiko suna tambayar digirin marubuci na farko. Likita ya ba su amsa da layi ɗaya, ya ce ba shi da shi, amma shi ya taka ƙauyukan. Suka buga.

Sai dai bugawa a mujallar Turai ba ta hana kowa cin ruɓaɓɓiyar gyaɗa a Sundimina ba. A nan ne labarin Inna Turai ya shigo, kuma ita da kanta ta ba ni shi, tana zaune a kan tabarma a zauren ɗanta, ta tsufa amma bakinta bai tsufa ba.

Ita ce babbar mai ƙuli-ƙuli da man gyaɗa a Sundimina a lokacin. Tsintacciyar gyaɗar nan ita take saye, don ta fi araha, kuma in an soya an matse ba mai ganewa. Sai ta ji ana cewa wani ma'aikacin asibiti yana yawo yana faɗa wa mutane irin wannan gyaɗa tana kawo ciwo. Ciniki ya fara ja baya. Ta aika a kira shi.

Ta ce, "Na fito zaure na same shi ya durƙusa. Na ce, kai ɗan nan, shekara talatin ina suya, da wannan sana'a na aurar da 'ya'ya biyar, yau kai za ka zo da ɗan gilashinka ka ce guba nake sayarwa? Na wanke shi tas. Bai ɗago kai ba. Da na gaji ya ce, Inna, ban zo musu ba. Ki ba ni mako uku da kusurwar gidanki."

Ya kawo 'yan agwagi goma sha biyu, ƙyanƙyasa ɗaya. Ya raba su gida biyu da zana. Ya ce ita da hannunta za ta riƙa ba su abinci, dusa iri ɗaya, sai dai waɗannan a haɗa musu da gyaɗa mai kyau, waɗancan da tsintacciya. Shi ba zai ko leƙo ba, don kada a ce ya yi wani abu.

Ta ce, "Kafin mako biyu na ga shidan nan masu cin tsintacciya sun daina gudu in na watsa ruwa. A mako na uku, huɗu daga cikinsu suka mutu. Na ɗau wuƙa na farke ɗaya da kaina, na sa aka yanka ɗaya daga masu lafiyar na farke. Ai mace ta san hanta, Malam. Ta wannan ja, sumul. Ta waccan ta koɗe, ta yi tauri. Na zauna a ƙasa."

Da Badaru ya dawo ya tarar da ita ba ta faɗa. Ta ce, "Maigidana ma da kumburin ciki ya tafi. Ni nake masa miya."

Ta ce sai ta ga idon mutumin ya kawo ruwa. Ya ce, "Inna, ba ki sani ba. Ni ma a akushi ɗaya na ci da Hambali shekara da shekaru, ban sani ba. Kuma ba zan ce miki ita ce ta kashe shi ba, don ciwon nan yana da wasu hanyoyin, har da ciwon shawara. Wanda ya tafi ya tafi da kwanansa. Amma ga jikokinki nan."

Tun daga ranar Inna Turai ta zama bakinsa a inda namiji ba ya shiga. Gidan suna, gidan biki, wajen daka, duk inda mata suka taru sai ta baza gyaɗa a faifai ta nuna musu wadda za a ci da wadda za a jefa a wuta. Ƙuli-ƙulinta ya ƙara tsada kaɗan, wasu suka gudu, daga baya suka dawo don ya fi daɗi. Ta ce min, "Shi ya yi karatun, amma ni na yi tallan."

Kai ne, Malam Badaru, ka san cewa gaskiyar da aka rubuta da Turanci aka ajiye a laburare ba ta shiga tukunyar kowa. Kai ne ka durƙusa a zaure aka zage ka, ba ka ce kai ma'aikacin gwamnati ba ne. Ƙanin Hambali, mai auna abin da ido ba ya gani.

Kada mai karatu ya ɗauka komai ya tafi masa daidai. Shi da kansa ya ce in zan rubuta, to lallai in sa labarin Maikano, in ba haka ba kada in rubuta komai.

Tsincewa magani ne na bayan ɓarna. Abin da yake so shi ne gyaɗar ta bushe da wuri tun fumfuna ba ta kama ba. A 1968 ya ƙera wani gadon shanya da ake hura wuta a ƙarƙashinsa, zafi ya bi ta bututun kwano ya ratsa gyaɗar. Wani manomi a Yalwan Damai, Maikano, ya yarda aka gwada da tasa, duka, har da wadda zai ajiye iri. Ta bushe cikin kwana biyu, fes, kowa ya yi ta mamaki. Damina ta zo, Maikano ya shuka. Mako ɗaya, mako biyu, gonar maƙwabta ta yi kore, tasa ƙasa ce ja. Zafin ya kashe ƙwayar irin tun a kan gado.

Maikano yana da iyali goma sha ɗaya. Ya ce min ya riga ya yanke shawarar ba zai kai ƙara ba, zai bar shi da Allah, sai ga mutumin a kan keke tun ba a aika masa ba. Ya wuce kai tsaye ƙofar dagaci, ya sa aka tara mutane, ya tsaya ya ce, "Jama'a, ba iri ba ne, ba ƙasa ba ce, ba kuma sammu ba ne. Ni ne. Na ba ta zafin da ya fi ƙarfinta, don ban auna ba kafin in gwada a kan abincin mutum." Ya koma Farin Dutse ya kwaso irin da aka ajiye don gonar marayun Hambali da tasa, ya kawo, ya ɗau hutun mako guda ya yi shuka tare da Maikano. Shekarar nan gonar gidansu gero kawai ta gani. Maikano ya sami rabin abin da ya saba samu, don an makara. Ya ce, "Na yi fushi da shi har kaka. Amma ban taɓa ganin mai albashi ya tsaya gaban talakawa ya ce ni ne ba."

Daga nan ne aka gina 'yan rumbunan bayan asibiti. Ya rantse ba zai sake taɓa gyaɗar kowa ba sai ya san iyakar zafin da ƙwaya ke ɗauka ta rayu, da yadda zafi ke tafiya daga gefen tari zuwa tsakiyarsa, da yadda yake ratsa bangon laka da na kara da na kwano. Shekara biyu yana aunawa yana shukawa a gwangwani yana ƙirga wadda ta tsiro. Alƙaluman da farfesan nan ya cika allo da su a Zariya, daga gonar Maikano da ta ƙi tsirowa suka samo asali. A ƙarshe ya watsar da wuta gaba ɗaya. Gadon da ya fito da shi na kara ne, an ɗaga shi daga ƙasa, a gefen da rana ke bugawa an jingina fallen kwano da aka shafa wa baƙi. Rana ta gasa kwanon, iska mai ɗumi ta tashi ta bi ta ƙarƙashin gyaɗar ta fice ta sama, rufin ciyawa ya tare raɓa da yayyafi. Duk wanda ya iya ɗaura rumfa zai iya yinsa. Mutum na farko da ya kafa shi a gonarsa Maikano ne.

Sai shekarun man fetur suka zo. Fari ya yi ɓarna, cuta ta bi gyaɗa ta kusa ƙarar da ita, samari suka bar fartanya suka nufi birni neman kwangila. Mutane suka fara ce masa, "Malam, gyaɗar ma ta tafi, me kake aunawa?" A 1978 wasiƙa ta zo daga wani kamfanin mai. Wani injiniyansu ya karanta takardunsa, suna neman wanda ya san sha'anin zafi. Gida, mota, da albashin da Hajiya Hapsatu, matarsa, ta ce da aka karanta mata sai da ta sa aka maimaita.

Ita ta ba ni wannan labarin, ta bayan labule, tana yi tana dariya. Ta ce, "Wallahi Malam Abu har na fara ɗaure kwanukana. Ya tafi ya gano wurin. Kwana uku sai ga shi ya dawo, ya ce in kwance. Na ce saboda me? Ya ce, Hapsatu, a can na tarar da mutum ashirin da suka fi ni sanin aikin, in ban je ba gobe za su sami wani. A nan in na tashi, ba wanda zai zauna. Na ce to ka zauna ka auri rumbunan! Wata guda ban yi masa magana mai daɗi ba."

Na ce, "Yanzu fa, Hajiya?"

Ta ce, "Yanzu ma in damina ta zo ɗakin nan yana yoyo nakan tuna masa. Amma yara bakwai muka raina, namu da na wansa, ba wanda ya kwana da yunwa, ba wanda ya lalace. Kuma duk ƙauyen da na shiga aka ce matar Malam Badaru ce, sai an shimfiɗa min sabuwar tabarma. Alhamdu lillahi."

Zamansa kuwa bai tashi a banza ba. Da takin zamani ya yawaita mutane suka koma noman masara, sai ga shi ita ma fumfunar nan tana kama ta in ba ta bushe da kyau ba. Gadajen da aka yi don gyaɗa suka koma ɗaukar masara. Takardunsa biyu na ƙarshe a kanta suke.

Na tambayi Malama Zahara'u, tsohuwar nas da ta fi kowa daɗewa a ɗakin maza, ko ta ga canji. Ta ce ita dai a ganinta masu kumburin cikin da ake kawowa daga wajen Sundimina sun ragu. Na kai masa wannan magana da murna, na ɗauka zai ji daɗi. Sai ya girgiza kai.

Ya ce, "Kada ka rubuta cewa na rage ciwon daji. Ban sani ba. Ciwon nan yana ɗaukar shekaru kafin ya fito, kuma mutanen da muka ƙirga ba su da yawa. Sai yaran da aka yaye da kunu mai tsabta sun kai arba'in, sannan wani ya zo ya ƙirga. Ni ba zan gani ba. Abin da na sani, dafin da ke cikin miyar gidajen nan ya ragu, wannan na auna da hannuna. Nan ka tsaya."

To nan na tsaya, Malam, kamar yadda ka ce.

Makon da ya wuce na raka shi bikin suna a Yalwan Damai. Muna jiran a fito da goro, sai muka ga wata matar aure a ƙofar gidan da ke kusa, ta baza gyaɗa a faifai tana tsincewa, duk wadda ta ƙanƙance ko ta yi baƙi sai ta jefa a murhu. Kaji suna ta zagaya ta, ba ta ba su ko ɗaya ba. Malam Badaru ya matsa ya yi sallama.

Ya ce, "'Yata, ba kya ba kajin nan ba, kike ƙonawa?"

Ta ce, "A'a Baba, ba a ba su. Tana taɓa hanta, ta mutum da ta dabba."

Ya ce, "Wa ya faɗa miki?"

Ta dube shi kamar ya tambaye ta wa ya ce a wanke hannu kafin a ci tuwo. Ta ce, "Ai haka ake yi tun kaka da kakanni. Kai ma Baba in kana cin irinta ka daina, ga ka ba jiki ba."

Ya ce, "To, na gode 'yata. Zan kiyaye."

Na buɗe baki zan gaya mata wanda take yi wa nasiha, ya dafa hannuna. A hanyar dawowa na yi ta mita, na ce shekara ashirin ta wahalarka ta koma ta kakanni. Shi kuwa dariya yake yi har keken yana karkacewa. Ya ce, "Malam Abu, in da ta ce wani ma'aikacin asibiti ne ya faɗa, wata rana za ta iya cewa ƙarya yake. Amma wa zai ƙaryata kakarsa?" Ban taɓa ganinsa cikin farin ciki irin na ranar ba.

Mun gode, Malam Badaru. Mun gode a madadin gidajen da ka shiga da waɗanda ba su taɓa jin sunanka ba. Mun gode wa Hajiya Hapsatu da ta kwance kayanta, da Inna Turai da ta yarda da abin da idonta ya gani ko da ya yi mata ciwo, da Maikano da ya sake ba ka gonarsa bayan abin da ya faru.

Ku kuma 'yan'uwana ma'aikata, malamin gona da na makaranta da na asibiti, musamman masu tasowa da ke ganin ilimi sai a birni ko a ƙasar waje, ga mutum nan a cikinmu da ransa da lafiyarsa. Ku je ku gaishe shi, ku tambaye shi, don ba ya faɗa sai an tambaya. Kowannenmu akwai wata tambaya a bakin aikinsa da aka ce masa ba a san amsarta ba, ya karɓa ya yi shiru. Ku koma ku ɗauko ta.

Allah Ya ba ka hutu mai albarka, Malam. Ya jiƙan Hambali. Ya sa yaran nan su kai arba'in ɗin, su wuce, har su ga jikokinsu.